Wutar Rakiyar Nikaso

Daga Mirtis a Atina zuwa ga Hedista, matar ƙanena marigayi Lisis, a Sinofe.

Gaisuwa. In kina lafiya, haka nake so. Ni ma ina nan, ban da gwiwar nan tawa da ta rantse sai ta kai ni ƙasa. Yaya Diyon lafiya lau, sai ƙiba da faɗa. 'Yarki Nikaso ƙalau take, ta fi ni tsawo yanzu, kuma ba ta bari in manta.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, don mai jirgin alkamar da zai kawo miki takardar nan yana ƙofa yana ta jan tsaki. An ba da Nikaso. Yaya Diyon ya sa hannunsa a na Mikon ɗan Falaros, na gidan magina tukwanen nan na bakin ƙofar gari, a gaban shaidu. Yaro ne mai kunya, kullum hannunsa cikin yumɓu. Kada ki ce an tilasta mata. Sau ɗaya ta gan shi ranar bikin gari, ta dawo ta ƙona mana miyar wake kwana biyu a jere, daga nan na san inda aka dosa. An sa rana a watan aure, tsakiyar sanyi, ranar da wata zai cika.

Ni ce mai rakiyar amarya. Ni zan yi mata wanka, in gyara mata lulluɓi, in bi amalanke har ƙofar ɗakinta. Abokin ango, wanda zai zauna a amalanken su sa amarya a tsakiya shi da Mikon, wani ɗan neman tsokana ne wai shi Sosiyas. Shekaranjiya ya ce mini, "Gwaggo, ki fara cin abinci da kyau tun yanzu, kada alfadaran amalanke su tsere miki." Na ce, "Kai, tafi can! Lokacin da nake bin amalanken amare ko yaye ka ba a yi ba."

Tulun ɗebo ruwan wankan amarya Mikon ne ya gina shi da kansa, dogon wuya, hannu biyu. Ya zana amalanke a jikinsa, ga shi, ga Nikaso, ga Sosiyas da ƙaton hancinsa. Wata maƙwabciya mai baƙin baki ta leƙo ta ce ya yi kyau kamar na kan kabari. Kin dai san irinsa ake kafa wa wanda ya mutu bai yi aure ba. Na tofa yawu a ƙirjina sau uku don kore mugun baki, na raka ta da tsintsiya.

A bayan amalanken ya zana wata mace riƙe da sandar wuta, amma ta juya baya. Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce bai san fuskar wa zai sa ba. To, ga maganar da nake ta juyawa. Kin sani, na sani, uwar amarya ce take kunna sandar nan a murhun gidan uba, ta ɗaga ta a bayan 'yarta har ƙofar ango. Amma kina Sinofe, kuma da zarar ganye ya zube babu jirgin da zai taɓa ruwa sai tsattsewa sun dawo. Don haka ni zan riƙe, da sunanki. Shekara goma sha biyu ina riƙe miki komai nata, wuta ɗaya ba za ta fi ƙarfina ba.

Ki zauna lafiya.

*

Daga Hedista a Sinofe zuwa ga Yaya Mirtis.

Gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki dinga shafa mata man zaitun mai ɗumi, ki daina hawan tudu da tulu kamar wata yarinya. Ni lafiyata lau. Ki gai da Yaya Diyon. Nikaso kuwa, ki kama mini fuskarta da hannu biyu ki sumbace ta.

Yaya, sau uku na sa mai rubutun bakin tashar jirage ya karanta mini wasiƙarki. Na yi murna, har na kai wa Hera, allahiyar aure, kantun riɗi. Amma da ya zo wurin da kika ce wuta ɗaya ba za ta fi ƙarfinki ba, sai na ji kamar kin mare ni a tsakiyar kasuwa. Haba, Yaya! Ni na ce ki riƙe mini? Lisis bai yi wata uku a ƙasa ba 'yan'uwana suka zo suka ɗauke ni kamar kayan aro, suka ba Batakos mai kifin gishiri, suka ce 'ya ta gidan ubanta ce. Shekararta biyar. Tana riƙe da bakin zanena a ƙofa, ke kika ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ban zarge ki ba, dole wani ya yi. Amma ban manta ba.

Ke kika ga famfarar haƙoranta. Ke kika koya mata saƙa. Ke za ki raka ta wurin Artemis, allahiyar 'yanmata, ta ajiye 'yar tsanarta da gashin goshinta, ke za ki yi mata wanka, ke za ki lulluɓe ta. Ki kwashe duka, kin cancanta. Abu ɗaya tak ya rage da ake ce wa na uwa, shi ma za ki haɗa da shi? Na haifa wa Batakos uku, duka ukun ƙasar Sinofe ta cinye. Ba ni da wata 'yar da zan ɗaga wa wuta har in mutu.

Ki sa a ɗaga ranar. Wata uku ne kawai bayan ranar teku zai buɗe, kuma aure ba kifi ba ne da zai ruɓe. Batakos ya yarda, zan shigo jirgin farko. Ki je gaban Hera ki rantse mini ba za a kunna wutar nan ba sai ina tsaye. Na san halinki, in kin rantse ko Yaya Diyon bai isa ya tanƙwara ki ba.

Ga sandar nan na aiko tare da takarda. Daga dutsen bayan gari na sa aka saro ta, icen nan mai ƙaro da ko iska na kaɗawa ba ya mutuwa, ni na naɗe kanta da hannuna. Ga kuma lulluɓi rawaya, tun tana shekara goma na fara saƙa shi a ɓoye.

Mai rubutu ya ce in daina ɗiga masa hawaye a takarda. Wannan shi ne jirgin ƙarshe na bana, ba zan ji amsarki ba, don haka na ɗauka kin yarda.

Ki zauna lafiya.

*

Daga Mirtis zuwa ga Hedista.

Gaisuwa. Duk muna lafiya, sai tarin sanyi da ya zaga gidan ya wuce. Ina rubuta wannan a tsakiyar hunturu, na san za ta kwana a akwati har teku ya buɗe, amma in ban amayar ba fashewa zan yi.

E, ni na ɓamɓare yatsunta. Kin san wa ya yi wata shida yana rarrashinta tana kiran sunanki? To, a bar wannan. Na yi fushi kwana biyu, rana ta uku na ɗingisa har gaban Hera na rantse miki. Kin san inda kika kama ni, muguwa.

Da na gaya wa Yaya Diyon, saura kaɗan rufin ɗaki ya tashi. Ya ce, "A ɗaga aure saboda sanda? An gaya wa dangi, an yi kiwon akuya! Ke ba ki da hannu ne?" Na ce, "Ina da hannu, Yaya, haihuwa ce ba ni da ita." Ya fita yana sababi shi kaɗai.

Uwar Mikon ta fi wuya. Ta ce, "Mirtis, watan Hera ake bari ya wuce da gangan? Ban taɓa ji ba, kuma jikina bai ba ni ba." Yaron ne ya raba mu. Ya ce, "Inna, bari. Ko tulu in an yi gaggawar fitar da shi daga wuta, tsagewa yake yi." Sosiyas kuwa ya ce shi asararsa ta fi ta kowa, ya ari riga don bikin nan, mai ita kuma zai karɓe kafin sanyi ya wuce.

Nikaso na bari a ƙarshe, don ita nake tsoro. Na shimfiɗa mata lulluɓin a cinya, na faɗa mata komai. Ta daɗe tana shafa shi. Can ta ce, "Gwaggo, da gaske za ta zo?" Na ce, "Ta ce mijinta ya yarda." Ta ce, "To, a jira. Ina so in ga ko ina kama da ita."

Watan aure ya zo ya wuce ta ƙofarmu. Amare bakwai na ƙirga a unguwar nan, kowacce da uwarta a baya tana ɗaga wuta, ana watsa musu ɓaure da dabino. Duk lokacin da waƙar ta tunkaro, sai Nikaso ta juya wa ƙofa baya ta kama saƙa. Ba ta yi kuka a gabana ba, amma na warware wannan saƙar sau biyu saboda kurakurai. Na ji tausayinta har na tsani kaina, na tsane ki kaɗan. Sandarki tana jingine a kusurwar murhu, na hana kowa taɓawa.

Na buɗe takardar nan in ƙara wannan. Tsattsewa sun dawo, jirgi zai tashi gobe. Hedista, an kafa sunaye a kasuwa. Wasu tsibirai sun yi tawaye, za a fitar da jiragen yaƙi, kuma sunan Mikon yana cikin masu tuƙi, shi da Sosiyas jirgi ɗaya. An ce ba za su wuce wata guda a gari ba. Ban taɓa tunanin tekun da zai buɗe miki shi zai buɗe musu ba. In ba ki riga kin taso ba, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki taso. Mun shirya komai, ke kaɗai ake jira.

*

Daga Hedista zuwa ga Yaya Mirtis.

Gaisuwa. Jikina lafiya, ban san abin da zan ce game da sauran ba.

Yaya, na yi miki ƙarya. Batakos bai yarda ba. Lokacin da na aiko miki da waccan wasiƙa ko tambayarsa ban yi ba. Na ce a raina in na faɗi gaskiya ba za ki ɗaga ranar ba, in kuma kin ɗaga, ina da hunturu guda in lallaɓa shi. Hunturun ya ƙare ina jiran ranar da zan ga fuskarsa a sake. Da teku ya buɗe na durƙusa na roƙe shi. Ya yi dariya tukuna, da ya ga da gaske nake sai ya ce, "Mace ita kaɗai a jirgin alkama kwana ashirin? Don ki riƙe wa 'yar wani mutum itace? Wa zai tsaya mini a kan masu zuba gishiri, ga kifi ya shigo?" Na ce 'yata ce. Ya ce, "'Ya'yanki suna bayan gari a kwance, je ki kunna musu."

Ya kamata in aiko miki a ranar. Ban aiko ba. Jirgi uku suka tashi zuwa Atina ina tsaye a tasha ina kallonsu, kowanne ina cewa bari in ƙara gwada shi sau ɗaya, kuma kunyarki ta hana ni. Sai jiya wasiƙarki ta iso da maganar yaƙi. Mai rubutu bai kai ƙarshe ba na ce ya ɗauko sabuwar takarda.

Na sake ki daga rantsuwar nan, Yaya. Na faɗa a gaban Hera ta nan garin, in akwai alhaki ya hau kaina. Ki kunna sandar, ki ɗaga ta da kyau yadda kowa zai gani. Ke ce uwarta, tun daga ƙofar nan ke ce, ni baƙin ciki ne ya hana ni faɗa. A yi auren ranar da takardar nan ta shigo hannunki, ko babu akuya, ko babu mawaƙa. Na roƙi mai jirgi kada ya tsaya a ko'ina, ya ce iska ce mai jirgin, ba shi ba.

Kada ki gaya wa Nikaso na yi ƙarya. Ki ce rashin lafiya ce. A'a, ki gaya mata, na gaji. Ki aiko mini da labari ko layi ɗaya ne, cewa an yi.

*

Daga Mirtis zuwa ga Hedista.

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Muna raye. Wasiƙarki ta iso kwana tara bayan jiragen sun tashi. Na bar wata huɗu ban amsa ba, don abin da ke bakina a lokacin ba na rubutawa ba ne.

Kafin ta iso, kullum da safe ni da Nikaso muke gangarawa tasha, ni da gwiwar nan, muna tambayar duk jirgin da ya shigo daga wajenku ko akwai mace a ciki. Har masu dako suka san mu, suna cewa, "Gwaggo, yau ma alkama ce kawai."

Amma kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai, ba naki ba ne duka. Saura kwana uku su tashi, uwar Mikon ta zo ta durƙusa a tsakar gidanmu, tsohuwa da furfurarta. Ta ce, "Mirtis, yau ma rana ce. Kunna wutar nan. Ya kwana uku da matarsa, ko na samu jika." Na ce na rantse. Ta ce, "Hera ba ta san yaƙi ba ne?" Na ce na rantse. Nikaso ta taɓa hannuna ta ce, "Gwaggo, ko dai mu..." Na katse ta, na ce gobe jirgin zai shigo. Sandar tana nan a gabana, murhu yana ci, taku biyu ne tsakaninsu. Taurin kaina da kika yaba, shi ne wannan.

Bayan girbin alkama Sosiyas ya dawo. Ban gane shi ba sai da ya yi magana, ya rame sai hanci. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi shigowa. Ya ce, "Gwaggo, ni aka zaɓa in zauna a gefensa, to na zauna, wata uku a katakon tuƙi ɗaya. Da aka fasa mana jirgi ruwa ya shigo, na kama hannunsa. Na kama, Gwaggo, na rantse na kama. Ya suɓuce mini." Sai ya zauna a ƙasa ya rufe kansa da riga. Ni da na saba korarsa da baki, na zauna kusa da shi.

Ba a samu gawar Mikon ba, kabari babu kowa aka yi masa a bakin hanya, kusa da wurin aikin ubansa. Uwarsa ta aiko a ba ta tulun. Ba ta zo da kanta ba, kuma har yau in mun haɗu a marmaro sai ta kau da kai, ban ga laifinta ba. Nikaso ta ce babu wanda zai kai sai ita. Ta ɗauke shi a ka ta je marmaron da ake ɗebo wa amare ruwa, ta cika shi, ta bi ta tsakiyar unguwa da rana tsaka kowa yana kallo. Ubansa ya huda gindin tulun kamar yadda ake yi, aka kafa, ruwan wankanta ya tsiyaye cikin ƙasa.

Yana nan a tsaye. Duk mai wucewa yana ganin amalanke, da ango da amarya da abokin ango, da matar nan mai wuta da ta juya baya. Jiya na ji wata tana tambayar 'yar'uwarta ko wace ce. Na ja mayafina na wuce.

Na karanta wa Nikaso wasiƙarki duka, ban rage komai ba. Ta ce ita za ta amsa da kanta in ta shirya. Ina baƙin ciki, Hedista, irin wanda ban yi ba ko ranar da muka binne Lisis.

*

Daga Nikaso 'yar Lisis zuwa ga Hedista a Sinofe.

Gaisuwa, Inna. Ina fatan kina lafiya. Ni lafiyata lau. Gwaggo ce ta koya mini rubutu, ki yi haƙuri da karkatarsa.

Ban tuna fuskarki ba. Na yi ƙoƙari, abin da nake tunawa kawai bakin zane ne mai shuɗin zare. Da aka ce a jira ki, ba don wutar na yarda ba, wuta ko wa ya riƙe haske ɗaya take yi. So nake in gan ki. Da kin rubuto kin ce ba za ki iya zuwa ba, da na yi kukana kwana ɗaya na shiga amalanke. Gwaggo ta ce in yafe miki, ta ce ke ma ɗauke ki aka yi. Na sani. Ina ƙoƙari, bai zo ba tukuna.

Baffa Diyon ya samo wani, mai gonar zaitun a bayan gari, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu. An tambaye ni, na ce to. Da shi da wani duk ɗaya ne a wurina. Tun da ya taɓa aure, ba zai zo ɗaukata da kansa ba, kin san al'ada, abokinsa zai aiko. Ni da baƙo za mu zauna a amalanken. Sosiyas ya ce zai bi mu a ƙasa ko ba a gayyace shi ba. Tulu kuwa na kasuwa za a saya.

Lulluɓinki zan sa, yana da kyau, na gode. Sandar ce na ba mai jirgi ya mayar miki, ba a taɓa kunna ta ba, ƙaron ma bai bushe ba. Gwaggo za ta riƙe wata. Ta ce hannunta ba zai iya ba, na ce hannun da ya iya ɓamɓare yatsuna zai iya.

An sa rana a watan aure. Teku a rufe yake lokacin, don haka ba sai kin tambayi kowa ba.

Ki zauna lafiya.